Tabulet ɗin ƙanena ya nuna mini guruf ɗin da ba ni a ciki

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana. Masu saurin zagi kuma su daure su kai ƙarshe tukuna, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Ni ce 'yar fari a gidanmu, can Tamawa ta Kurfi, aure ne ya kawo ni Dutsin-Ma. Maigidana direban babbar mota ne, sai ya yi mako bai kwana gida ba, haihuwa kuma Allah bai kawo ba tukuna, don haka daga ni sai kajina. Ba zan yi wa kaina kwalliya ba, ina da faɗa. In na ga ba daidai ba sai na faɗa ko a gaban wa, kuma a bikin ƙanwarmu bara na yi wa matar kawunmu tatas a kan rabon abinci.

Ƙanena, bari in kira shi Sani, malamin makaranta ne, kuma a bayana ya girma. Da yake kafin aure na yi aiki a shagon buga takardu, sai ya kawo mini tabulet ɗinsa in buga masa tambayoyin jarrabawa. Irin sababbin nan ne, in ka riƙe shi a hannu babbar waya ce, in ka jona masa kibod sai fuskarsa ta juye ta koma kwamfuta sak. Ya ce, "Yaya, yanzu an haɗe su wuri guda, ba ruwanki da neman wata kwamfuta." Ni da na saba da ta shago, wadda ba ta san komai ba sai takarda, ina zan san haɗewar ta kai haka? Ashe ɓangaren wayar ba ya rufewa, kuma a haɗe yake da wayarsa, duk saƙon da ya shiga wayar Sani sai ya leƙo a gefen abin da nake bugawa.

Ina cikin buga tambayoyin lissafi sai ga saƙo daga wani guruf mai sunan marigayi Babanmu. Na san ba nawa ba ne, amma na danna. Anti, kowa yana ciki. Ƙannena duka, matansu, har matar kawun nan da muka yi da ita. Ni kaɗai ce babu. Na yi ta ja har farkon hirar don in ga munafukin da ya ƙulla wannan, sai na tarar Sani ne ya buɗe shi, kuma ga abin da ya fara rubutawa: "Kar wanda ya saka Yaya, mu samu wuri guda da za mu yi magana lafiya." Na yi kuka ranar har kaina ya yi ciwo.

Abin kunyar shi ne ban daina ba. Aikin yini biyu na ja shi ya kusa wata, kullum ya kira sai in ce saura kaɗan. Har dabara na koya, ba na buɗe saƙo sai ya riga ya karanta a wayarsa, don kar ya gane. Da na gama shara sai in jona kibod kamar mai aiki, in zauna in sha hirar gidanmu. Su yi wa autanmu tsiya a kan gemunsa, in yi ta dariya ni kaɗai a tsakar gida. Wannan ba cin amana ba ne? Amma wa ke kirana in ba gaisuwar Juma'a ba?

Shekaranjiya na ga za a yi wa Inna, mahaifiyarmu, aikin ido a Katsina ranar Litinin. Ƙanwata mai jego ta rubuta, "Ai Yaya ce ta iya jinya." Sani ya ce in na je zan tada wa ma'aikatan asibiti hankali. Can sai ga muryar Inna, an ɗauka da wayar ƙanwata. Kun san kunyar ɗan fari, tun da nake ban taɓa jin ta kama sunana ba, balle ta nuna ta damu da ni a gaban mutane. Sai na ji ta ce, "Ita waccan ta Dutsin-Ma fa, an gaya mata? In da hali ita nika so kusa da ni." Sani ya amsa da murya, "Za a gaya mata, Inna." A ƙasa kuma ya rubuta, don ya san Inna ba ta karanta boko, "Kar wanda ya gaya mata sai an sallamo."

Jiya na kira ta ina fatan ta faɗa da bakinta. Gaisuwa kawai muka yi, ta ce ana kiran salla. Tana can tana zaton an gaya mini na share.

Gobe Sani zai zo karɓar tabulet ɗinsa. In na yi magana, ya san na yi wata ina leƙen sirrinsa, kuma na san halina, da na buɗe baki faɗa ne zai fito, in tabbatar musu da abin da suka cire ni dominsa. In na yi shiru, za a kwance wa Inna ido ta duba ɗakin ba ta gan ni ba. Jama'a, me zan yi?