Zuwa ga Malam Mutari, Wanda Muka Ciro Daga Rumbu

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Daga Isuhu, mai karantarwa a makarantar Malam Habu da ke kwarin Tarka, zuwa ga ɗan'uwana kuma abokin karatuna, Malam Mutari, mazaunin Agadas. Gaisuwa mai yawa da girmamawa, tare da fatan kana lafiya kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau, damina ta yi albarka.

Bayan haka, labari ya iso mana cewa ka buɗe zaure, magidanta na ɗaukar karatu a gabanka. Na yi murna ƙwarai. Ga ɗalibanmu nan sun kewaye ni suna leƙen abin da nake rubutawa, don na ce musu yau zan tuna maka da ranar rumbu. Idan naka ma suna kusa, kada ka kore su.

Ka tuna yadda muke a lokacin. Mu duka manya ne, da gemunmu, wasu daga Belbeji, wasu daga Tenhya, kai daga Damagaram. Muna zama a rumfar tsakar gida muna karatun fiƙihu da nahawu, kowa na ganin kansa rabin malami. Amma duk girman kanmu, akwai wadda muke shakka fiye da Malam, wato yayarsa, Gwaggo Hajo.

Tana budurwa mahara suka faɗa wa garinsu har sau biyu, kuma duka ta tsira. Shi ya sa ta sa aka yanke danga a bayan rumfa, aka rufe gurbin da zana, ta zama ƙofar da baƙo ba zai gane ba. Ta ce duk ranar da muka ji ana dukan turmi babu hatsi a ciki, da sauri da sauri, to mugu ya shigo. Mai hanya ya fita ta ƙofar zana, kada ya tsaya ɗaukar takalmi ko littafi, a haɗu a gindin gawo na bakin kwari. Wanda aka tare wa hanya ya ɓuya, ya yi shiru. Takan ƙara da cewa, “Wanda ya ɓuya kada ya fito sai ya ji muryata. Mugu yana iya sa wa abokinka wuƙa a wuya ya ce ya kira ka.”

Kuma ba faɗa kawai take yi ba. Sai muna tsakiyar karatu ta buga turmin nan, ka ga malamai sun tattare riguna suna kutsawa ta danga kamar awaki, ita kuwa tana tsaye tana duban wanda ya makara.

Kai ka fi kowa gardama. Ka ce mata mai ilimi ba ya gudu, dogaro ga Allah ya ishe shi. Ta dube ka daga sama har ƙasa ta ce, “Ɗana, wanda ya ba ka ilimin shi ya ba ka ƙafafun. Ka yi aiki da duka biyun.” Malam ya sunkuyar da kai cikin littafi, amma mun ga kafaɗunsa na rawa.

Ranar da abin ya zo da gaske, ƙarshen damina ne, gero ya fi mutum tsawo. Kwana uku kafin nan Malam ya raba gadon wani tsoho, ya ba 'ya'yansa mata rabonsu na gona. Ɗan tsohon, Nomau, wanda ya daɗe yana noma gonar shi kaɗai, ya tashi daga wurin yana huci. Ba wanda ya ɗauki abin da zafi.

Da hantsi ya iso da takobi a zare. Lawali ɗan Tenhya yana bakin zaure yana fiƙe alƙalami, ya miƙe zai yi masa maraba, sai ya ji sara a damtse. Gwaggo tana sheƙar gero, ta hango. Ba ta yi ihu ba, taɓarya ta ɗauka.

Wallahi, Mutari, ban san lokacin da na tashi ba. Ƙafafuna sun riga hankalina gane abin da turmin ke faɗi. Malam da ciwon gwiwa, ni da wani muka ɗauke shi cak, yana cewa, “Littafina, littafina!” muka ce ya yi haƙuri. Lawali ya zaga ta waje, yana riƙe da hannunsa, ya same mu cikin gero. Wanda ya fi sauri a cikinmu ya wuce kai tsaye gidan maigari.

Kai kuwa ka je alwala ta wajen rumbuna, Nomau ya shiga tsakaninka da ƙofar zana. Daga baya ka ba mu labarin yadda ka haye babban rumbu, ka ɗaga murfin, ka faɗa ciki. Ba ka tuna cewa ƙarshen damina ne ba, hatsin ya kusa ƙarewa, sai da ka ji ka a can ƙasa.

Ka ce kana jin sa yana saran tabarmi, yana kiran sunan Malam. Ya zo ya jingina da rumbun yana haki, tsakaninku laka ce kawai da ba ta fi faɗin tafin hannu ba. A daidai lokacin ƙaiƙayi ya shiga hancinka. Ka ce a duk karatun da ka yi ba ka taɓa yin addu'a da zuciya ɗaya kamar wadda ka yi a kan atishawar nan ba.

Gwaggo ta tura matan gidan ɗaki, suka tokare ƙofa da turmi, tana leƙe ta tsaga. Da ta ga Nomau ya shiga ɗakin littattafai yana neman Malam, ta san in ya fito ɗakinsu zai nufo. Ta sulale, ta jawo ƙyauren ɗakin littattafan ta waje, ta soka taɓarya a mariƙinsa. Har yau takan ce da tana da hanyar gudu da matan nan, da ba ta kusanci ƙofar ba.

Maza suka iso daga gonaki da sanduna, maigari ya hana kowa ɓalle ƙofa. Aka kira yayar Nomau, ita wadda ya so ya hana gado. Ta zauna a bakin ƙyaure tana yi masa magana a hankali, tana kiransa da sunan da uwarsu ke kiransa. Can sai ga takobi ya fito ta ƙarƙashin ƙofa. Aka tafi da shi gidan maigari yana kuka.

Mu kuwa a gindin gawo muka duba juna, kowa na nan ban da kai.

Wannan wurin ban taɓa gaya maka shi ba. Na koma gidan a guje, na duba ɗaki ɗaki, na leƙa rijiya, na bi cikin gero ina neman jini. Na kira ka har muryata ta dushe. Da na ga takalminka ɗaya a wurin alwala, zama na yi a ƙasa na yi kuka kamar yaro, ban damu da masu kallo ba. Shekara shida muna cin tuwo a akushi ɗaya muna musu, sai ranar na san matsayinka a wurina.

Ashe kana jin mu sarai. Kai da ka fi kowa raina dokar Gwaggo, kai ka riƙe ta har ƙarshe. Ita kuma tana can tana ɗaure wa Lawali hannu, ba ta san ana nemanka ba sai bayan azahar. Ta fito tsakar gida, ta riƙe ƙugu, ta ce, “Mutari, ni ce. Fito.” Sai muka ji murya daga cikin rumbu, kamar daga tulu: “Gwaggo, da da hali ai da na fito.”

Da igiyar guga muka jawo ka. Ka fito fari fat, gemu duk ƙaiƙayi, ka saki atishawar da ka riƙe tun hantsi, ɗaya bayan ɗaya. Malam ya yi dariya har da hawaye. Ni kuwa na rasa ko in rungume ka ko in mare ka, sai na yi na farkon.

Ɗan'uwana, yanzu rayukan mutane na zama a gabanka kullum. Ina roƙonka ka dubi gidanka da idon Gwaggo, ka nuna wa ɗalibanka mafita da maɓuya, ku gwada ko da za su yi gunaguni. Tana nan da ranta, ta ce in gaishe ka. Lawali ma ya warke, yana rubutu da hannun.

Saura magana ɗaya. Ka bar mu bayan girbin shekarar, ba ka ga ƙarshen Nomau ba. An hukunta shi, ya bar gari shekara biyu, ya dawo ya durƙusa gaban yayarsa da Malam da Lawali, suka yafe masa. Yanzu yana bin ayari, mutum mai sanyi, ba ya ɗaukar ko wuƙa. Ya daɗe yana tambayata wane ne mutumin da ke cikin rumbu, yana son ya nemi gafararsa. Kai ba ka taɓa ganin fuskarsa da kyau ba. To, ɗaga kanka ka dubi wanda ya miƙo maka wannan takarda. Ka ba shi ruwa, ya sha tafiya.

Allah ya tsare ka da zaurenka daga sharrin mai sharri, ya sanyaya zuciyar duk wanda fushi ya rufe wa ido, ya ƙara wa Malam da Gwaggo lafiya, ya sake haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Naka har kullum,
Isuhu