Masana'antar Mahaifinku da Mutanen Cikinta

Da sunan Allah nake farawa. Ni mahaifiyarku ce na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ba wanda ya matsa mini. Jiki ne ya gaji. Likita ya faɗa mini gaskiya, na kuma gode masa.

Na ɗaya. Littattafaina na nazarin halayyar ɗan Adam a wurin aiki na Auta ne, tunda ita ta bi sahuna. Kun san da furfurata na shiga jami'a. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata na kamfanin takalma, ina ganin mutum ya kama aiki da kuzarinsa, kafin shekara ta zagayo ya yi laƙwas, ban san dalili ba. Neman dalilin ne ya mayar da ni aji. 'Yan ajinmu, sa'anninku, Kaka suke ce mini, suna kama mini kujerar gaba saboda idona. Mahaifinku, Allah ya jiƙansa, shi ke shiga kicin lokacin jarrabawata. Kun sha cin ƙonanne ba ku kawo ƙara ba. Wannan alheri ban manta da shi ba. Auta, idan ma'aikaci nagari ya lalace, kada ki fara da shi. Dubi wanda ke samansa, ki saurari yadda ake yi masa magana.

Na biyu. Gida da abin da na mallaka a raba yadda Allah ya ce, kawunku zai tsaya a kai. Masana'antar kujeru kuwa ina roƙonku kada a sayar.

Na uku, kuma shi ya fi tsaya mini a rai. Babban Yaya da Injiniya, na san ba kwa magana tun zuwan sabon injin yankan katako, sai dai aike ta bakin mai gadi. Ranar da aka kai ni can, na tarar masu fenti na cin abinci a gindin bango, masu yanka suna can bakin ƙofa, mutanen da a da kwano ɗaya suke sa hannu. Na sha ganin irin haka a kamfani: manya biyu su ɓata, na ƙasa su rabu, ƙwararru su sulale ɗaya bayan ɗaya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Babba, ba injin ne ya ƙona maka rai ba, gyaran da ƙaninka ya yi maka a gaban ma'aikata ne, kuma kana da gaskiya. Injiniya, a ɗaki ake gyara, yabo ake yi a fili. Je ka ba yayanka haƙuri. Daga nan shi ya riƙe mutane da masu saye, kai ka riƙe injina, kowa ya san iyakarsa.

Na huɗu. Dogo mai goge katako hannunsa ya fara rawa, na ji ana shawarar sallamarsa. Kada ku yi. Ku sa shi koyar da sababbi. Sauran sun zuba ido, abin da kuka yi masa shi kowa zai ɗauka makomarsa ce.

Na biyar. Malamar da ta duba bincikena a jami'a tana raye. Auta ta kai mata furen da ke tagar ɗakina, ta ce mata tsohuwar ɗalibarta ta gode. Surukata, matar Babba, ta yi jinyata ba ta taɓa yamutsa fuska ba. Sarƙata tata ce, na riga na ba ta.

Na yafe muku duka, ni ma ku yafe mini. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku 'ya'yan da za su yi muku abin da kuka yi mini. Ku riƙe zumunci, ku riƙe Auta. Na sa ta karanta muku wannan tun ina numfashi, don ba na so sai a zaman makokina za ku gaisa. Ƙofata a buɗe take. Ku shigo mini tare.