Haƙorin Baba Goni

Daren Laraba, damina, 1994

Yau na kunyata Dakta Istifanus. Watan jiya ɗan hoton X-ray na cikin baki da na ɗauka a asibitinmu ya nuna saiwar haƙorin Baba Goni masunci ta cinye rabi. Dakta ya ce inuwa ce kawai, ya tura tsohon zuwa Kano a ɗauko babban hoton muƙamuƙi. Na yi shiru da gangan. Babban hoton bai nuna komai ba.

Ɗazu Baba ya dawo daga garinsu Kirikasamma, haƙorin ƙunshe cikin tsumma. Ya ce, "Ɗana, cikin tuwo ya faɗo."

Na ɗora shi kan hoton Kanon a gaban Dakta, na ce, "Ranka ya daɗe, ga inuwar taka."

Sai yanzu na tuna ko sannu ban yi wa Baba ba.