Sharhin da Mai Jan Biro Bai Rubuta Ba

'Yata abar ƙaunata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya jikinki, yaya maigidan da yaran? Ni lafiya, ban da gwiwar nan.

Littafina ya fito. Sharhin da aka yi masa a mujallu duk yabo ne, har wani ya jinjina wa babin da na cire kafin a buga. Kin ga kuwa ba su karanta ba.

Kin tuna Mai Jan Biro, abokin aikina da kika raɗa wa sunan kina ƙarama? Tun muna samari ban taɓa fitar da littafi bai yi masa kaca-kaca a mujalla ba, ni ma in mayar masa da martani, ɗalibai su rabu biyu. Shanyewar ɓarin jiki ta same shi, hannun dama da harshe sun tafi.

Na kai masa littafin asibiti, na zauna ina karanta masa. Da na zo inda na ce waƙar baka ba ta da marubuci guda, sai ya haɗe rai, ya shiga bugun ƙarfen gado da hannun hagu. Ban san lokacin da na fara yi masa musu da ƙarfi ba, sai da nas ta kore ni. Na fito ina dariya, na ƙarasa mota ina hawaye.

Ki sa shi a addu'a.

Mahaifinki.

'Yata,

Ina fata kuna lafiya. Allah ya yi wa Mai Jan Biro rasuwa.

A sashenmu matasan malamai sai kauce wa idona suke, sun ɗauka maƙiyina ne ya tafi. Ofishinsa na kallon nawa, yanzu a rufe.

Da na je gaisuwa, matarsa ta ce ya sa ta karanta masa littafin har ƙarshe. Wai a wani shafi ya riƙe mata hannu, ya yi ta ƙoƙarin faɗin wani abu, bakin ya ƙi. Na roƙe ta ta tuna shafin. Ta yi iya yinta, baiwar Allah, ta kasa.

Tun ranar nake bin littafin layi-layi. Akwai kuskure a ciki, ya gan shi, kuma babu wanda ya rage da zai nuna mini.

Ki gaishe da yaran. Ki zo in kin samu sarari, gidan ya yi shiru.

Naki,
Baba.