Jan Biro a Aikin Mansur

Litinin, 16 ga Yuni, 2025

Mutanen Legas sun sake rubuto wa Mansur. A bakin ƙofa ya gaya mini, yana ɗaure igiyar takalmi, kamar mai ba da labarin farashin tumatir. Kamfanin da yake yi wa aiki daga ɗakinsa na nan gidan suna so ya koma can gaba ɗaya, sun ba shi zuwa ƙarshen watan gobe ya ba su amsa. Na ce to. Me zan ce? Jikana ne, ɗan ƴata Kubura, ba ni da iko da ƙafarsa. Amma tun rasuwar matata Shatu shi kaɗai ke tari a gidan nan in ji. In ya tafi, daga ni sai ƙadangaru.

Ya dubi fuskata ya ce, "Hedimasta, kwantar da hankalinka. In na tafi wa zai riƙa kama mini ƙwari?"

Na yi dariya. Bayan ya fita na yi ta juya maganar har azahar.

Alhamis, 19 ga Yuni

Bari in rubuta yadda muke yi, ko don in tabbatar wa kaina. Aikin Mansur rubuta manhaja ne, wato umarnin da waya da kwamfuta ke bi. Allon kwamfutarsa baƙi ne kamar na aji, rubutun kore da ruwan ɗorawa. In kuskure ya ɓuya a ciki, shi suke ce wa ƙwaro. Idan ya nema ya rasa, sai ya ɗauko kwamfutar ya zo zaure, ya zauna gefen tabarmata, ya ce in saurara. Sai ya fara: wannan layin yana karɓar sunan mutum, wannan yana miƙa shi can, wannan yana jira a amsa. Ni ina jan carbi, ina gyaɗa kai. Ba a daɗewa sai ya tsaya cak, ya dafe goshi, ya ce ga shi nan, wallahi Hedimasta kai ne. Ya kwashi kayansa ya koma ɗaki.

Ban taɓa gane komai ba. Amma dai wurina yake zuwa, kuma a gabana abin yake warwarewa. Ke nan akwai abin da nake yi. In na ƙara himma, in na zama wanda aikin ba ya tafiya sai da shi, ai Legas ba ta da irina.

Asabar, 21 ga Yuni

Taransifomar unguwa har yanzu tana ƙone. Hadari ya rufe gari, sola ba ta ɗauki komai ba, Mansur ya rasa taronsu na safe. Ya goya kwamfutar a babur ya tafi shagon abokinsa wajen Kusugu neman caji. Kalilu maƙwabcina ya ce kansila ya yi alkawarin sabuwa kafin kaka. Bara ma kafin kaka ya ce.

Yaron ya dawo bai yi mini tsiya ko ɗaya ba. Duk ranar da aka yi haka, Legas tana matsowa.

Laraba, 25 ga Yuni

Na buɗe akwatin ƙarfe na ciro jan birona. Ya bushe, na aika aka sayo wani. Na ce wa Mansur ya buga mini ƴan shafuka na aikinsa a takarda, wai zan motsa ido. Ya ce tsoho zai ƙwace masa sana'a, ya bugo.

Turanci ne, amma ba wanda aka koya mana a kwalejin horon malamai ba. Idona na ruwa, na jure.

Lahadi, 29 ga Yuni

Na miƙa masa takardun. Na ja layi ƙarƙashin duk inda aka fara da ƙaramin baƙi, da inda aka manne kalmomi biyu babu tazara, da waƙafin da aka sa magana ba ta ƙare ba. Ya duba, ya yi murmushi, ya ce haka ake rubuta su, in aka gyara na'urar ba za ta gane ba. Ya ninke takardun a hankali ya sa aljihu. Bai yi mini dariya ba, na yaba masa.

To, in ba gyaran rubutu ba, sai tambaya. Malamin da ba ya tambaya bai san aikinsa ba.

Talata, 1 ga Yuli

Ya zo zaure da ƙwaronsa. Na ajiye carbi na gyara zama. Yana layin farko na tsayar da shi, na ce ya maimaita. Na tambaye shi don me sunan zai je can ba nan ba. Na ce ya ba ni misali. Ya amsa, ya amsa, sannan ya dubi allon, ya ce ya manta inda yake. Ya koma farko, na sake tsayar da shi a wani wurin. Har aka kira la'asar bai dafe goshi ba.

Na ɗauka ƙwaron ne mai taurin kai.

Juma'a, 4 ga Yuli

Bai zo zaure ba.

Talata, 8 ga Yuli

Bai zo ba. Ina jin ƙarar yatsunsa daga nan. Ɗazu na ji shi ya ce "yawwa" shi kaɗai a ɗaki, irin yawwar da yake yi a gabana.

Laraba, 9 ga Yuli

Na dafa bango na je har ƙofar ɗakinsa na tambaye shi da wa yake shawara yanzu. Ya nuna mini wani gefe na allon. Ya ce mataimaki ne da kamfani ya saka musu, AI, kana rubuta masa damuwarka yana amsawa, wani lokacin ya yi daidai, wani lokacin ya zuba ƙarya da ƙarfin hali kamar ɗan siyasa. Na ce to ni fa, na daina amfani ke nan? Ya yi ta kame-kame. Na matsa.

Sai ya gaya mini. Masu irin aikinsu suna da wata al'ada: in abu ya cije, mutum ya ajiye ƴar agwagwar roba a kan tebur, irin ta wasan yara, ya yi mata bayanin aikin layi bayan layi. Garin bayanin sai ya ji kuskurensa da kunnensa. Ya ce duk duniya ana yi, har manyansu.

Na ce, "Ni ne agwagwar ke nan."

Ya ce, "Ba haka nake nufi ba. Na fi son zama da kai ne. Amma da ba ka cewa komai, shi ya sa nake jin kaina. Yanzu kana tare ni."

Da ƙafata na je na ji wannan. Na dawo tabarma. Na kasa cin abinci.

Asabar, 12 ga Yuli

Ya Allah, ban roƙi lafiyar ƙafa ba, ban roƙi ido ba. Ka bar mini yaron nan.

Litinin, 14 ga Yuli

In aikin ya fi ƙarfina, to in samo wa Mansur wani a Daura. Na hau acaɓa, abin da likita ya hana, na je gidan Abbas. Ɗalibina ne a firamare, yanzu shi ne na hannun daman wani mai neman kujera. Ƙofar gidan cike da masu jira, wasu neman taki, wasu da takardar asibiti. Na zauna cikinsu a kan benci, rana na dukan ƙeyata. Da ya fito ya gan ni ya durƙusa, ya ce haba Malam, da aike ka yi. Na faɗa masa buƙatata ba tare da na dubi idonsa ba. Ya ce mai ilimin kwamfuta ai nemansa suke ido rufe, Mansur ya zo gobe.

Na dawo jiri na ɗibata, amma raina fes.

Talata, 15 ga Yuli

Mansur ya je saboda jin kunyata. Ya dawo ya tsaya a tsakar gida bai ko cire hula ba. Aikin da Abbas ya ba shi shi ne ya buɗe shafuka barkatai da sunayen mutanen da babu su, maza da mata, suna yabon maigidansu suna zagin abokin takararsa, a ga kamar duk masarautar ce ke magana. Ya ce ya shafe shekaru yana zuba aikinsa kyauta a wata manhaja da mutane daga ƙasashe daban-daban suke ginawa tare, kamar aikin gayya, sunansa na gaskiya ne a kai, da shi kamfanin Legas suka gan shi. Yanzu a ce ya koma ƙera mutanen ƙarya.

Na ce ban san irin aikin ba ne. Ya ce ai ban tambaya ba. Gaskiyarsa. Ni mai son tambaya, wannan karon ban yi ba.

Alhamis, 17 ga Yuli

Kubura ta zo daga Sandamu da dambu da ɗan man shanu. Mansur ɗan farinta ne, har yau ba ta kama sunansa. Ta bari ya fita sannan ta ce, "Baba, yaron nan fa kai yake duba. Ka sake shi." Ta ce ga ɗaki can a wurinsu, mijinta ya yi magana ba sau ɗaya ba. Na ce ban yi tsufan da zan kwana gidan suruki ba. Ta ce to ai shi ke nan, ta hau wanke mini kaya, tana dirzawa da ƙarfin da ya fi na wanki.

Lahadi, 20 ga Yuli

Na faɗi wajen alwala. Faɗuwar gaskiya ce, Allah ya sani, jinina ne ya hau. Mansur da Kalilu suka kai ni asibiti, aka ƙara mini ruwa, aka sallame mu da yamma.

Nishin da na yi a hanyar dawowa ne ban tabbata duka na ciwo ba ne. Ina yi ina satar kallon fuskarsa.

Laraba, 23 ga Yuli

Ya kawo mini koko da magani, ya zauna. Ya ce ya yanke shawara, ba zai je ba. Zai gaya musu ranar ƙarshen wata. In sun bar shi ya ci gaba daga nan, to, in sun sallame shi, Allah na nan. Ya faɗa yana kallon ƙasa. Na ce Allah ya yi masa albarka.

Alhamdu lillahi. Abin da na roƙa ke nan.

Juma'a, 25 ga Yuli

Na samu abin da nake so. Ban san me ya sa nake ta maimaita wa kaina ba.

Ya daina kirana Hedimasta. Yanzu sai Kaka, a tausashe, kamar yadda ake kiran mara lafiya.

Litinin, 28 ga Yuli

Yau ya ɗauko kwamfutar ya zo zaure, ya ce wani ƙwaro ya dame shi, in saurara. Na ɗauki carbi, na kulle bakina, na rantse a raina ko tari ba zan yi ba. Ya fara bayani. Tiryan-tiryan yake tafiya, babu tuntuɓe, babu komawa baya. Da ya kai tsakiya ya ɗan tsaya, ya taɓa goshi, ya ce ga shi nan, Kaka kai ne.

Na yi shekaru a gaban aji. Na san fuskar yaron da ya gano amsa yanzu, na san ta wanda ya zo da ita a aljihu. Tun a ɗaki ya kashe ƙwaron nan. Gawarsa ya kawo mini don in ji daɗi.

Na ce madalla. Ya tashi, ni kuma na juya na fuskanci bango. Haka za mu yi ta yi ke nan, shi yana yi mini wasan yara, ni ina yi kamar ban gane ba, har ranar da za a ɗauke ni? Yana da shekara nawa ma duka-duka.

Talata, 29 ga Yuli

Ruwa tun safe. Ban yi magana da kowa ba.

Alhamis, 31 ga Yuli

Bayan na karya na kira shi. Na ce masa na gaji. Wayoyinsa sun cika mini tsakar gida, jiya saura kaɗan ɗaya ta harɗe mini sanda. Ƙarar yatsunsa tana hana ni ƙailula. Gida ba ofis ba ne, ya rubuta wa mutanensa ya ce yana zuwa, in samu in huta.

Ya dube ni. Ya ce, "Hedimasta, da gaske kake?"

Na ce, "Na taɓa yi maka wasa?"

Ya ce, "Kullum."

Na ce to yau ban yi ba, ya je ya aika tun sabis bai ɗauke ba. Ya tsaya a bakin ƙofa kamar zai ƙara magana, na ɗauki rediyo na hau murɗawa har ya wuce. Can na ji ya kira uwarsa a waya, muryarsa na tashi sama kamar ta da.

Ba don komai na yi ba, wayoyin ne. Maganar Sandamu kuwa ban ce zan je ba. Na dai tambayi Kalilu ko hanyar ta gyaru bayan ruwan nan, don in sani kawai.

Bayan sati biyu zai tafi, in ji shi. Ƙirjina ya yi nauyi tun ɗazu, na sha magani. Abin da ban gane ba shi ne tuwon da aka kawo daga gidan Kalilu. Na cinye tas, har na aika a ƙaro miya.