Rikodar Baba Ba Ta Sayarwa Ba Ce

Yaya Hamisu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, da fatan kana lafiya, kai da Yaya Rabi da yara. Mu nan Kura lafiya lau, tumatir ya fara nuna.

Shekaranjiya Kawu Idi ya kawo mai sayen gwangwan, wai a sayar da rikodar nan mai layi takwas, kowane sauti da layinsa, da aka ɗauki waƙoƙin noman marigayi Baba da ita, a sayi injin ban-ruwa. Na ce ba inda za ta. Ka tuna bara matar Kawu ta zaci kaset ɗaya na waƙoƙin Baba na bidiyo ne, don kamarsu ɗaya, aka naɗi bikin suna a kai. Sauran kuwa babu na'urar da ke kunna su sai ita. Na adana su cikin akwati da busasshiyar shinkafa saboda danshi.

Jiya na kashe layin ganga da na 'yan amshi, sai ga muryar Baba ita kaɗai, har da tarinsa. Injin ban-ruwa akwai shi a kasuwa. Wannan fa?

Ka nemo mini robar da ke juya kaset, tata ta saki. Ka sa mu a addu'a, ka gaida mutanen Fatakwal.

Ƙaninka,
Sabi'u