Motar da Mudassir Ya Bar Mini

Assalamu alaikum Malama Radiyya. Don Allah ki taimaka mini da shawara, kuma ki yi haƙuri da tsawon wasiƙar. Ni tsohon direba ne, shekara talatin da biyu ina jan motar gwamnati kafin na yi ritaya na dawo gida Wudil. Na tuƙa Fijo, na tuƙa bas, na tuƙa a-kori-kura. Na ɗauka babu abin da ya rage mini ban sani ba game da mota, sai ga shi yau mota ce ta sa ni rubuto wa jarida.

Babban ɗana Mudassir Allah ya buɗa masa, aikin kwamfuta yake yi a Abuja. Bara ya sayi wata jar mota ta hannu, irin ta tseren nan ta ƙasar Turai, ƙofa biyu, kujera biyu, injinta a baya, tsayinta da kaɗan ya wuce ƙuguna. Wata huɗu da suka wuce aka mayar da shi aiki ƙasar waje. Ana jibi zai tafi sai ga babbar mota ta sauke ta a ƙofar gidana. Ya durƙusa ya miƙo mini makulli ya ce, "Baba, taka ce." Wai tun yana firamare akwai kalanda a ɗakina mai hoton irin wannan motar, na taɓa ce masa da zan tuƙa ta da burina ya cika. Wallahi ni na manta na faɗa. Shi bai manta ba.

Ba zan ɓoye miki ba, na ji daɗi. Shigarta sai na dafa ƙofa saboda gwiwa, amma da na tayar da ita awakin maƙwabta suka watse. Na hau hanyar Gaya da safe, na ɗan taɓa totur, sai na ji bayana ya manne da kujera. Na yi ta dariya ni kaɗai a cikin mota.

To, sai maganar mai. A zamanin Fijo lita goma takan kai ni Kano ta dawo da ni. Wannan na je da ita sau ɗaya, ta sha ninkin haka, kuma ban yi wani gudu ba. Abin da ya fi ɗaure mini kai, wata Juma'a cunkoson kasuwar shanu ya rutsa da ni kafin gada. Kusan awa guda ban yi tafiyar kirki ba, amma ina kallon allurar mai tana sauka. Duk tudun da aka yi a titi don rage gudu sai na hau shi a karkace, duk da haka sai na ji cikinta ya gogi ƙasa, in ji abin har cikin haƙorina. Rannan mai ya yanke mini na saya a wajen 'yan bumburutu, sai ta kama tari, fitilu suka cika gaban sitiyari.

Na kira Maikano, bakaniken da muke tare shekara talatin. Ya zagaya ta sau uku hannunsa a baya, ya ce, "Alhaji, wannan ta fi ƙarfin sifanata." Daga baya ƙusa ta yaga tayar baya. Mai faci ya ce ba ta facuwa. Na zaga Kano ban samu irinta ba, sai daga Legas aka kawo bayan mako uku. Kafin ta iso batir ya mutu saboda zama.

Ga inda nake jin kunya. Bijimin da nake kiwo tun bara shi na sayar na sayi tayar. Na ce wa maiɗakina Barakatu ciniki ne mai kyau ya zo. Ta dube ni kawai. Ita tunda motar ta zo tambaya ɗaya ta yi, wai ina ake sa buhun shinkafa. Ko biki za ta je adaidaita sahu take hawa, mota tana kwance cikin tamfol. Fanshona kuwa kafin tsakiyar wata gidan mai ya raba shi da ni.

Mudassir yakan kira ta bidiyo duk Juma'a, ya ce in nuna masa ita. Sai in yaye tamfol in ce lafiya lau take, ba ta cin komai. Farin cikin da nake gani a fuskarsa shi ke rufe mini baki.

Malama, abin ya dame ni, amma har ga Allah son sani ma yana cina. Me ya sa take shan mai ko tana tsaye? Man namu ne bai yi mata ba? Da gaske ne ajiya tana lalata ta? Masu irinta yaya suke yi? Kuma yaya mutum zai ce wa ɗansa kyautarsa ta yi masa nauyi? Wani lokacin nakan buɗe bayanta in zauna ina kallon injin kawai, ina mamakin wanda ya ƙera shi.

Tsohon Direba, Sabon Gari, Wudil.

Wa alaikumus salam Baba. Allah ya ƙara girma, ya yi wa Mudassir albarka.

Na kai tambayoyinka wajen wani bakanike a Kano, Malam Ja'afar, wanda ya saba taɓa irin waɗannan motoci. Ya ce injinta ya ninka na Fijo girma, an yi shi ne don gudu a shimfiɗaɗɗen titi, shi ya sa ko a tsaye yake ci da yawa, cunkoso kuma ya fi komai wahalar da shi. Tana son tataccen mai ƙwarai, don haka ka rabu da na bakin titi gaba ɗaya. Tayoyinta masu laushi ne, suna saurin cinyewa, na gaba da na baya ma ba girmansu ɗaya ba. Ajiya kuwa gaskiya ne: batir ya mutu, robobi su bushe, taya ta kwanta. Masu irinta yawanci suna da wata motar ta yau da kullum, da wani kuɗi da suka ware mata wanda ba ya taɓa cefanen gida. Ya ce sayen irinta shi ne mafi sauƙi, riƙon shi ne aiki. Ya kuma yaba wa Maikano da bai kwance abin da bai sani ba.

Baba, babu abin kunya a son da kake yi mata. Shekara talatin da biyu kana jan wasu zuwa inda suke so, don yau ka ja kanka ka yi dariya a hanyar Gaya, ka cancanta. Mudassir ma niyyarsa kyakkyawa ce, sai dai ya duba daɗin da za ka ji, bai duba fansho ba. Amma a ɗaya ɓangaren, bijimi ya tafi, abinci yana raguwa, ga magana biyu da ba gaskiya ba sun shiga tsakaninka da mutum biyu da suka fi kowa kusa da kai. Wannan ya fi tayar tsada.

Ka fara da Hajiya Barakatu. Kallon da ta yi maka ya nuna ta sani, jira take ta ji daga bakinka. Ka faɗa mata yau.

Sannan Mudassir. Kada ka sayar da motar bai sani ba, kada kuma ka ba masu ɗaukar amarya haya don ta ciyar da kanta, gyara ɗaya zai cinye ribar shekara. Ka fara da godiya, ka ba shi labarin ranar da ka fara hawa, don ya san kyautarsa ta isa inda ya nufa. Daga nan ka faɗa masa abin da take ci, har da maganar bijimin. Ka ba shi zaɓi: ko ya ɗauki nauyin manta da gyaranta kai ka riƙa fita da ita sau biyu a wata, ko a mayar da ita Abuja inda akwai masu duba ta, ko a sayar a saya maka mai ƙofa huɗu da za ta ɗauki iyali. Ni na fi karkata ga na ƙarshe, amma ku biyu za ku yanke.

Zai ji ba daɗi na ɗan lokaci, wannan kam ka shirya masa. Amma ka tuna ya riƙe motar nan da kansa, ya san cinta. Da wuya a ce ya yarda da "ba ta cin komai", mai yiwuwa shi ma kunyar tambayarka yake ji, kada ka ga kamar ya raina ƙarfinka. Kai ne uba, kai ya kamata ka buɗe maganar.

Allah ya ba ka sauƙin faɗa, ya ba shi kunnen ji, ya bar ku tare cikin lafiya da rufin asiri. A gaida Hajiya.

Radiyya